Zauren Tambaya da Amsa: Gina Fagen Mayaƙan Samurai da Bulon Wasa

Tun bayan bayanin da muka yi a fitowar da ta gabata game da masu haɗa ƙananan gine-gine da bulon robar nan na LEGO, wasiƙu suka yi ta shigowa, kuma da dama daga cikinsu a kan abu ɗaya suke, wato mayaƙan Japan na dā waɗanda ake kira samurai. Ga wanda bai ga waccan fitowa ba, abin da muke nufi da ƙaramin fage, wanda masu harkar ke kira diyorama, shi ne a ɗauki allo guda a gina wani wuri a kansa, da ƙasarsa da itatuwansa da gine-ginensa da mutanensa, ta yadda mai kallo zai ga kamar an tsayar da lokaci ne ana tsakiyar wani al'amari. Domin mu fahimci juna, 'yan ƙusoshin da ke saman bulo za mu kira su maɓallai, siririn bulo wanda uku daga cikinsa ke yin kaurin bulo ɗaya za mu kira shi falle, wanda kuma samansa ke da sulɓi ba maɓalli za mu kira shi tayil.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ina da bokiti guda na bulon LEGO da yayana ya bar mini. Burina shi ne in gina fadar Himeji gaba ɗayanta, da mayaƙa suna gwabzawa a ƙofarta. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, burinka ya yi kyau, amma bari mu yi lissafi kafin ka zazzage bokitin a tabarma. Ɗan mutum-mutumin LEGO tsayinsa kusan santimita 4 ne, saboda haka idan aka kwatanta shi da namiji mai tsayin santimita 170, kowane santimita a kan allonka yana wakiltar kusan 42 a zahiri. Babbar hasumiyar Himeji, haɗe da tushenta na dutse, ta kai kimanin mita 46. Idan ka raba za ka ga hasumiyar kaɗai za ta haura mita ɗaya, wato sahun bulo fiye da 110 a kan juna, tunda kowane bulo kaurinsa milimita 9.6 ne. Ba a zo maganar faɗi ba tukuna, ba a zo maganar ƙananan hasumiyoyi uku da ke haɗe da ita ba, balle ganuwa da ƙofofi da gwalalo. Shi kansa kamfanin, da ya fitar da Himeji a 2023, guda 2,125 ya zuba a cikin kwalin, kuma duk da haka a ma'auni ƙarami ƙwarai ya yi ta, wanda mutum-mutumi ba zai iya shiga ƙofarta ba.

Akwai kuma matsalar tarihi. Himeji da kake gani a hotuna, fara fat kamar balbela, Ikeda Terumasa ne ya gina ta a wannan siffa tsakanin 1601 da 1609, lokacin da yaƙe-yaƙen basasa suka zo ƙarshe, kuma ba a taɓa gwabza babban yaƙi a ƙofarta ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa take cikin hasumiyoyin asali 12 kacal da suka rage a Japan. Idan ka jera gawarwaki a bakin ƙofarta, ka gina abin da bai faru ba.

Shawarata ita ce ka zaɓi shekara guda, wuri guda, da ɗan lokaci guda. Mulkin mayaƙa a Japan ya ɗauki kusan shekara 700, daga zamanin Minamoto no Yoritomo, wanda aka naɗa shogun, wato shugaban mulkin mayaƙa, a 1192, har zuwa 1868 da aka mayar da mulki hannun Sarki Meiji, kuma kayan yaƙi da gine-gine sun sauya ƙwarai a tsakanin nan. Ga mai bokiti ɗaya, ban san wurin da ya fi Nagashino dacewa ba. A can ne, a watan Yuni na 1575, Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu suka kafa shingayen itace a bayan wani ɗan rafi, suka jera 'yan bindiga a bayansu, rundunar Takeda Katsuyori ta yi ta afkawa tana karyewa. Ka samo allo mai maɓalli 32 ta kowane ɓangare, wanda faɗinsa bai wuce santimita 26 ba. Ka ratsa shi da rafi a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, domin layin da ya miƙe daidai da gefen allo yana kashe kallo. A gefe ɗaya ka kafa shinge da sanduna masu ruwan ƙasa, kada su zama tsayi ɗaya, ka sa 'yan bindiga biyar a bayansa, uku a durƙushe suna auna, biyu suna ɗura albarushi. A ɗaya gefen mahaya biyu sun isa, ɗaya dokinsa ya yi tsaye da ƙafafun baya, da tuta guda a yashe cikin taɓo. Ɗan ƙullin auduga a bakin bindiga ɗaya ya wadatar a matsayin hayaƙi.

Na faɗi haka ne domin ni ma na yi wannan kuskure. Fagen farko da na gina, mutum arba'in na cusa a allo ɗaya saboda ina da su, sai wani aminina ya leƙa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ko kasuwar ƙauye ce ta ci. Sai kuma ka kiyaye da furen ceri mai ruwan hoda, wanda kowa ke son sawa da zarar an ce Japan. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu yake fitowa a tsakiyar ƙasar, Nagashino kuwa lokacin ruwa aka yi shi, saboda haka kore da laka ne launinka.

TAMBAYA: Ni magini ne a Damagaram, shekarata ashirin ina wannan sana'a, amma katangar dutsen da na yi da bulon wasa ta fito kamar matakalar bene, rufin kuma kamar na shagon kwano. Mene ne sirrin?

AMSA: Malam, kai da ka saba da igiya da ma'aunin ruwa, abin da zai fara ba ka wahala shi ne katangar Japan ba a miƙe take ba, kuma da gangan aka yi haka. Daga ƙasa tana farawa ne da gangare mai sauƙi, kamar mutum zai iya hawa da ƙafa, tana ƙara miƙewa a hankali har ta tsaya cak a sama. Wadda ta fi shahara da wannan lanƙwasa ita ce ta Kumamoto, wadda Kato Kiyomasa ya kammala a 1607, kuma sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa mai mayar da mayaƙi baya. Ba su sa siminti ko laka a tsakanin duwatsun, sai dai su cika bayansu da tsakuwa domin ruwan sama ya samu hanyar fita.

Dalilin da ya sa taka ta zama matakala shi ne kana ja da baya da maɓalli ɗaya a kowane sahu tun daga ƙasa har sama. Ka yi hakan a sahu biyu ko uku na ƙasa kawai. Daga nan ka nemi fallen nan mai tsawon maɓalli biyu amma maɓalli ɗaya tal gare shi a tsakiya, domin shi ne ke ba ka damar ja da baya da rabin maɓalli, wato milimita 4. A tsakiyar katanga ka ja da rabi a kowane sahu, can sama ka ja da rabi bayan kowane sahu biyu, sahu uku na ƙarshe kuwa ka bar su a miƙe. Duk inda baki ya fito, ka rufe shi da ƙananan bulo masu gangare da tayil. Launi ma kada ya zama ɗaya: toka mai haske ta fi yawa, mai duhu jefi-jefi, da ɗan ruwan ƙasa, da kore mai duhu a ƙasa inda damshi ke zama. Katangun farko da duwatsun da ba a sassaƙa ba aka yi su, daga baya aka riƙa gyara fuskarsu, a zamanin zaman lafiya kuma aka yanka su suka haɗu ba ƙofa, saboda haka idan fagenka na shekarun 1570 ne, rashin daidaito shi ne daidai.

Kusurwa kuwa ba baƙuwarka ba ce. Maginan Japan suna ɗora dogayen duwatsu ne a kusurwa, wannan tsawonsa ya kalli gabas, na samansa ya kalli kudu, suna sarƙe juna kamar yadda kake ɗaure kusurwar gini da bulon siminti. Bulo mai maɓalli biyu a faɗi da huɗu a tsawo yana yin wannan aiki sarai. Ga kuma wata ƙa'ida da za ta amfane ka idan kana son kwantar da bulo a gefensa domin fuskar dutse ta fito da sulɓi: kaurin falle biyar daidai yake da faɗin maɓalli biyu, milimita 16 ke nan, kuma da wannan lissafi ne ginin tsaye da na kwance ke haɗuwa ba tare da giɓi ba.

Rufi abu uku yake bukata. Na farko, bakinsa ya zarce bango da maɓalli biyu ko uku, domin inuwar da ke ƙarƙashinsa ita ce rabin kyansa. Na biyu, kada ya zama shafaffe. Rufin asali na gasasshen yumɓu ne mai launin toka, a jere layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kuma za ka iya kwaikwayonsa da ƙananan bulo masu zagaye da aka soka a jikin sanda, ko da tayil mai tsaga-tsaga idan ginin ƙarami ne. Na uku, kusurwoyinsa su ɗan ɗaga sama, wanda ake samu da fallaye masu gwiwa irin ta ƙyauren ƙofa, amma ɗagawar kaɗan ce, domin idan ta yi yawa ginin zai koma kama da haikalin China. A ƙarshen ƙolin rufi, kusan inda mu muke sa zanko, su suna sa siffar wata dabba mai jikin kifi da kan damisa wadda suka yi imani tana kare gini daga gobara, kuma ɗan kifin LEGO ko ƙaho mai ruwan zinariya yana tsayawa a madadinta. A jikin farin bango kada ka manta da kafofin harbi. A Himeji akwai masu zagaye, da masu kusurwa uku, da masu kusurwa huɗu domin bindiga, da dogaye domin kibiya, kuma bulon nan mai rami a tsakiya ya ba ka mai zagayen a shirye.

Idan ruwan toka ya yi maka ƙaranci, kada ka damu. Yawancin kagarun zamanin yaƙin basasa na ƙasa ne da itace, a kan duwatsu da tuddai, da ramuka da shingaye. Gini mai katangar dutse da doguwar hasumiya ya yaɗu ne bayan Nobunaga ya soma gina Azuchi a bakin tafkin Biwa a 1576.

TAMBAYA: Daga Kumasi nake rubutowa. Ɗana yana da mutanen Ninjago da yawa, yana so mu yi yaƙin Sekigahara da su. Shin sun dace, kuma yaya ake shirya mayaƙan?

AMSA: Alhaji, wasu sassansu za su yi amfani, amma ba a yadda suka zo ba. Ninjago, rukunin kayan wasan LEGO wanda ya fara fitowa a 2011, tatsuniya ce da ta gauraya Japan da China da injuna da dodanni. Takubban da ke ciki, da wasu kwalkwali da malfuna, ka ɗauka. Sauran ka bar wa yaron ya yi wasansa. Kafin shi kamfanin ya yi wani rukuni mai suna Ninja a 1998 da 1999, kuma sulke da kwalkwalin wancan rukuni har yau masu gini na neman su.

Shi kansa ninja mai baƙaƙen kaya da rufaffiyar fuska, daga dandalin wasan kwaikwayo da zane-zane siffarsa ta yaɗu. An yi 'yan leƙen asiri na gaske, musamman a yankunan Iga da Koka, har Nobunaga ya kai wa Iga hari a 1581, amma mai leƙen asiri shigar manomi ko fatake ko malamin ibada yake yi, domin aikinsa shi ne kada a gane shi. Idan ɗanka ya nace, ka sa wani manomi da kwando a bayan bishiya, ka ce masa ga ninjan nan.

An yi Sekigahara ranar 21 ga Oktoba, 1600, tsakanin rundunar gabas ta Tokugawa Ieyasu da ta yamma wadda Ishida Mitsunari ya tara, an wayi gari da hazo, kuma rana ta juya ne lokacin da Kobayakawa Hideaki ya gangaro daga dutsen Matsuo ya afka wa ɓangaren da ya zo a cikinsa. Mafi yawan waɗanda ke filin ba manyan barade ba ne, dakaru ne da ake kira ashigaru, masu sulke mara ado da hular ƙarfe ko ta fata mai siffar malfa, ɗauke da dogayen māsu, wasu sun kai mita biyar, ko bindiga mai lagwani irin wadda Turawan Fotugal suka kawo tsibirin Tanegashima a 1543. Saboda haka a kowane samurai ɗaya mai kwalkwali ka sa dakaru da yawa. Takobi, duk da shahararsa, makami ne na biyu a fagen fama. Kuma kada ka riƙa musu garkuwa a hannu kamar mayaƙan Turai, domin tasu garkuwar faffaɗan katako ce da ake kafawa a ƙasa a fake a bayanta, ko damin gora da ke tare harsashi.

Abin da zai sa fagen ya yi magana shi ne tutoci. Kowane mayaƙi kan ɗaura 'yar tuta a bayansa mai ɗauke da tambarin gidan ubangidansa, kuma ana yin ta da ɗan maƙalin da ake sawa a wuyan mutum-mutumi, da sanda, da tayil mai maƙali. Tambarin Tokugawa ganye uku ne a cikin da'ira, na Shimazu gicciye ne a cikin da'ira, na Takeda kuma lu'ulu'u huɗu. Wanda ya fi sauƙin yi shi ne na gidan Sanada, kuɗi shida masu huda a sahu biyu: ka ɗauki jan falle mai maɓalli biyu da uku, ka ɗora ƙananan zagaye shida masu ruwan zinariya, ka gama. Sai dai wurinsa shi ne ƙawanyar Osaka ta 1614 da 1615. Ga Sekigahara, rundunar Ii Naomasa ce ta fi ɗaukar ido, domin daga kwalkwali har tuta ja suke sawa. Date Masamune mai jinjirin wata a kwalkwali, wanda yara ke ƙauna, ba ya filin a ranar, yana can arewa yana fama da gidan Uesugi. Shi kuwa babban kwamanda, ka zaunar da shi a kan kujera mai naɗewa a cikin da'irar labule, da mafici a hannu, domin haka suke jagorantar yaƙi.

TAMBAYA: Ƙannena suna rushe mini gini kullum. Zan iya sa gam?

AMSA: Kada ki sa, 'yata. Gam mai ƙarfi yana ɓata fuskar robar ya bar farin tabo, kuma bulon da aka manne ya tashi daga aiki, alhali jarin mai wannan sha'awa shi ne ya rushe ya sāke. Ki ɗaure ginin daga ciki ta hanyar sarƙe sahu da sahu, ki ɗora allon a kan katako, ki kai shi saman kabad. Idan a cikin ƙannen akwai wanda bai kai shekara uku ba, nisanta shi da ƙananan guntayen wajibi ne, domin yana iya haɗiyewa ya shaƙe.

TAMBAYA: Ni daga Garwa ta Kamaru. Na ji an ce an taɓa yin baƙar fata a cikin mayaƙan Japan. Gaskiya ne, kuma zan iya sa shi a fagena?

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa, sunan da aka san shi da shi Yasuke. Ya isa Japan a 1579 tare da wani limamin mishan ɗan Italiya, Alessandro Valignano, kuma a 1581 aka kai shi gaban Nobunaga a Kyoto. Nobunaga bai yarda launin fatarsa na halitta ba ne, ya sa aka wanke shi, da ya tabbata sai ya ɗauke shi cikin mutanensa, ya ba shi gida da albashi da gajeren takobi, yakan kuma riƙe wa ubangidan nasa kayansa. Yana Kyoto a watan Yuni na 1582 lokacin da Akechi Mitsuhide ya yi wa Nobunaga tawaye ya rutsa shi a haikalin Honnoji. Yasuke ya yi faɗa a ɓangaren ɗan Nobunaga, daga baya ya miƙa takobinsa, Akechi ya sa aka mayar da shi wurin 'yan mishan. Masana na jayayya a kan ko muƙaminsa ya kai a kira shi samurai, amma zamansa a fadar Nobunaga a rubuce yake a takardun Japanawa da na Turawan mishan.

Wannan yana nufin fagenka ya tsaya tsakanin 1581 da 1582. Kada ka kai shi Nagashino, domin bai iso ba, kada kuma ka kai shi Sekigahara. Ni da zan gina, ranar haɗuwarsu ta farko zan zaɓa: ɗaki mai shimfiɗar tabarmar tatami, wadda tayil mai ruwan ƙasa-ƙasa na maɓalli biyu da huɗu ke bayarwa daidai, tunda tsawonta ninkin faɗinta ne, da Nobunaga a zaune a wuri mai ɗan tudu, da bawa riƙe da kwaryar ruwa, da fadawa suna leƙe ta bayan ƙofar takarda. Abu ɗaya za ka kula da shi: idan ka ba Yasuke kai mai launin fatar mutum, sauran ma ka ba su kawuna masu launin fata, domin idan ka bar su rawaya irin na LEGO na asali, shi kaɗai zai zama mutum a cikin 'yan tsana.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Ina so in yi wannan aiki da ɗalibaina domin darasin tarihi, amma ba na son jini da kisa, kuma wasu iyaye ba sa sakin jiki da mutum-mutumi. Akwai mafita?

AMSA: Akwai, Malama, kuma a ganina ta fi fagen yaƙi koyarwa. Bayan Ieyasu ya zama shogun a 1603 kuma Osaka ta faɗi a 1615, Japan ta shiga zaman lafiya na fiye da shekara 200, samurai suka koma ma'aikatan mulki masu karɓar albashi da shinkafa. Ma'auninsu shi ne koku, kimanin lita 180, wato abin da aka ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda, kuma ba a kiran mai ƙasa daimyo sai amfanin ƙasarsa ya kai koku 10,000. Sarkin Japan yana Kyoto da daraja, iko kuwa yana hannun shogun a Edo, wadda ita ce Tokyo ta yau.

A 1635 shogun Tokugawa Iemitsu ya mayar da wata al'ada doka: kowane daimyo ya riƙa yin shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a ƙasarsa, matarsa da magajinsa kuwa su zauna a Edo dindindin. Garkuwa ce da mutane cikin ladabi, kuma hanya ce ta cinye dukiyar masu ƙasa kada su tara ta su yi tawaye. Daga nan aka samu manyan ayarori a kan hanyoyi irin su Tokaido, mai zango 53 tsakanin Edo da Kyoto, wasu ayarorin na ɗaruruwan mutane, na gidan Maeda kuma na dubbai. Ɗalibanki da suka taɓa ganin hawan salla za su gane abin nan take, domin a nan ma tsarin jerin shi ne bayanin muƙami: masu share hanya, masu māsu da aka yi wa ado, masu ɗaukar akwatuna, sannan ubangida a cikin ɗan ɗakin da ake ɗauka a kafaɗa. Amma ki nuna musu bambancin kayan jiki. Lifidinmu na auduga ne da aka ɗinke, sulkenmu na zobban ƙarfe ne, na Japan kuwa ƙananan fallayen ƙarfe da fata ne da aka shafe da wani ƙaro mai sheƙi aka saƙa su da igiyar alharini. Kowane ɗalibi ya gina yanki guda na hanyar a kan allo mai maɓalli 16, a yarda tun farko a kan faɗin hanya da tsayin ƙasa, ranar ƙarshe a jera su a haɗe.

Batun mutum-mutumi kuwa fagen malamai ne, kuma iyayen da suka nuna damuwa a girmama ra'ayinsu. Fage yana iya ba da labari ba tare da siffar mai rai ba: ɗakin shan shayi a bakin hanya, da takalma uku a ƙofa, da laima a jingine, da māsu a jere a jikin bango, da ɗan ɗakin ubangida an sauke shi a ƙarƙashin bishiya. Duk wanda ya duba ya san ayari ya yada zango. Ki dai lura cewa jar ƙofar nan mai ginshiƙi biyu alamar wurin bautar Shinto ce, ba ƙofar gari ko ta fada ba, saboda haka ba dole ba ne ta shiga aikinku.

TAMBAYA: Ina Sakkwato. A ina ake samun bulon nan ba tare da an talauce ba, kuma yaya ake kiyaye shi daga ƙura da zafi?

AMSA: Malam, hanya mafi sauƙi ita ce masu sayar da kayan wasan yara na gwanjo, inda ake samunsa a cakuɗe cikin leda. Ka duba saman maɓalli, na asali yana ɗauke da sunan LEGO a rubuce a kan kowane ɗaya. Haƙƙin mallakar ainihin ƙirar, wadda kamfanin na garin Billund a ƙasar Denmak ya yi wa rajista a 1958, ya daɗe da ƙarewa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin irinsa. Wasu suna kamawa da kyau, wasu kuma sako-sako ne. Ni ba na raina su. Nakan cika cikin tudu da ƙarƙashin katanga da su, kowane launi ne, tunda ba mai gani, in adana masu kyau domin fuska. Wanda ke da halin saye ta intanet, akwai kasuwar BrickLink da ake sayar da guntaye ɗai-ɗai, wadda LEGO ya saya a 2019, kuma tana da manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Studio da za ka zana gininka a ciki ta fitar maka da jerin abin da kake bukata. Kuɗin aikowa yakan fi na kayan, saboda haka ya fi kyau mutum uku ko huɗu su haɗa saye ɗaya.

Idan ka kawo na gwanjo gida, ka wanke shi da hannu da sabulun ruwa, a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, ka shanya a inuwa a kan tawul. Kada ka bar shi a cikin mota a rufe da rana, musamman a bazarar Sakkwato, domin zafi yana sa shi ya lanƙwashe ya daina kamawa. Lokacin hunturu ƙura takan shige tsakanin maɓallai ta zauna, kuma maganinta buroshi mai laushi irin na shafa hoda, sau ɗaya a mako, ko kuma mai aikin gilashi ya yanka maka akwatin da zai rufe allon. Ka auna tsayin tuta mafi tsawo kafin ka ba shi awo.

Babban abokin gaba shi ne hasken rana. Na taɓa ajiye wata 'yar hasumiya fara a kan tebur kusa da taga har tsawon rani guda, da na juya ta sai na tarar ɓangaren da ke kallon waje ya koma kalar haƙorin mai cin goro, ɗayan kuwa yana nan fari tas. Haka kuma za ka lura ruwan tokar da ke cikin ledar gwanjo iri biyu ne, domin a wajen 2004 kamfanin ya sauya launin, tsohon yana da ɗan rawaya-rawaya, sabon yana da ɗan shuɗi. Kada ka gauraya su a jikin rufi, za su nuna. A gindin katangar dutse kuwa tsohon ya fi sabon, kuma can na kai fararen da rana ta ɓata mini, suka zama bangon wani tsohon rumbun shinkafa a bayan kagara.